Magidantan da Suka Rage Ƙiba a Filin Ƙwallo: Nazarin Wani Shiri na Ƙasar Sikotilan

Magidanci ne mai shekara 47, nauyinsa ya kusa kilo 110. Wando ya daina zama a ƙugu, sai dai a ƙarƙashin tumbi. Ba ya bukatar a gaya masa ƙibar ta yi yawa, domin shi ke haki idan ya hau bene, shi ke riƙe numfashi idan ya sunkuya ɗaure takalmi. Likita ya yi magana, uwargida ta yi magana har ta gaji. Ya ji, ya kuma yarda da gaskiyarsu, amma bai taɓa taka ƙafarsa zuwa ajin rage ƙiba ba, ba ya kuma da niyya. Wannan shi ne matsakaicin kamannin mazan da suka shiga wani shiri a ƙasar Sikotilan mai suna Football Fans in Training, wanda ake taƙaitawa da FFIT, ma'ana magoya bayan ƙwallon ƙafa a fagen atisaye.

Na zaɓi in yi nazarin wannan shiri ne saboda ya taɓo wata matsala da na daɗe ina gani a kusa da ni. Akwai wani maƙwabcinmu, mutumin kirki, da aka gano yana da hawan jini, aka ba shi takarda mai jerin abubuwan da zai bari: gishiri, kitse, lemon kwalba, naman yamma. Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba na rigarsa. Ya yi kwana goma yana cin abinci salam, yana fita tattaki shi kaɗai bayan sallar asuba, fuska a murtuke kamar mai biyan tara. A mako na uku ya koma gidan jiya. Mutane suka ce ba shi da juriya. Ni kuwa ban ga laifinsa sosai ba, don an karɓe masa duk abin da yake jin daɗi, ba a ba shi komai a madadinsa ba.

Yadda abin ya faro

A Birtaniya an daɗe da lura cewa ajujuwan rage ƙiba, na kuɗi da na asibitin gwamnati, mata ne suka cika su. Maza ba sa zuwa, alhali Sikotilan na cikin ƙasashen Turai da ƙiba ta fi yi wa mazansu katutu. Da yawansu suna ɗaukar zancen rage cin abinci a matsayin harkar mata. Namiji ya shiga ɗaki ya tarar shi kaɗai ne a cikin mata ashirin, ana zancen da bai saba da shi ba, to da wuya ya sake komawa.

Wasu masu bincike a Jami'ar Gilasgo, cikinsu har da Kate Hunt da Sally Wyke da Cindy Gray, suka juya tambayar. Maimakon neman dabarar jawo maza zuwa asibiti, sai suka duba inda mazan suke zuwa da ƙafarsu ba tare da an roƙe su ba. Amsar a bayyane take: filin ƙwallo. Mutumin da ba zai iya ware awa guda don ganin likita ba, shi ne zai tsaya cikin sanyi da yayyafi duk ranar Asabar yana yi wa Celtic ko Rangers ko Aberdeen ihu, kulob ɗin da mahaifinsa ya fara kai shi tun yana riƙe masa hannu. Masu kallon ƙwallo a nan sun san waɗannan sunaye, ko don Efe Ambrose, ɗan Kaduna, da ya koma Celtic a 2012.

Masu binciken suka haɗa kai da gidauniyar ayyukan al'umma ta babbar gasar ƙwallon ƙasar. Sun ɗauki darasi daga wani shirin lafiyar maza da ma'aikatan jinya suka gudanar a Camelon, kusa da garin Falkirk, suka gyara shi ya dace da filin wasa. An fara gwada shi a 2010. Ba likitoci ne ke koyarwa ba, kociyoyin kulob ne masu aikin unguwanni, waɗanda aka yi wa gajeren horo. Kuma kyauta ne.

Maraice guda a filin wasa

Shirin na mako 12 ne, ana haɗuwa sau ɗaya a mako, kowane zama minti 90, a cikin filin wasan kulob ɗin kansa. Wannan wuri shi ne rabin sirrin. Mutum ya shekara talatin yana sayen tikiti yana zama can sama a kan kujerar 'yan kallo, yau ga shi ya shigo ta ƙofar ciki, ya bi ta hanyar da 'yan wasa ke fitowa, ya leƙa ɗakin da suke sauya kaya, ya tsaya a bakin ciyawar da yake hangowa daga nesa. An ba shi riga mai launin kulob ɗinsa. Kocin da ke gabansa na sanye da tambarin da shi ma yake ƙauna. Wani lokaci tsohon ɗan wasa kan leƙo a gaisa. Magidanci mai furfura sai ya koma kamar yaro ranar sallah.

Sannan ya waiga ya dubi sauran mazan da ke wurin, wani lokacin har su talatin. Duk irinsa ne. Shekaru kusan ɗaya, tumbi iri ɗaya, babu wani saurayi mai murɗaɗɗen jiki da zai sa shi jin kunya. Da masu binciken suka zauna da mahalarta daga baya, wannan batu ya yi ta maimaituwa a bakinsu, wato samun kai a cikin mutane irinka. Abin da ke korar mai ƙiba daga ɗakin motsa jiki galibi ba nauyin ƙarfen ba ne, idon mutane ne.

Ana raba lokacin gida biyu. Kashi na farko zama ne a tattauna, na biyu a tashi a motsa. A makonnin farko zaman ya fi tsawo, motsin kuwa bai wuce tattaki a kewayen fili ba. Sannu a hankali zaman na raguwa, motsin na ƙaruwa: hawa da sauka a matattakalar 'yan kallo, atisayen ƙarfafa gaɓoɓi, ɗan taɓa ƙwallo ga waɗanda jikinsu ya ɗauka. Kowa daidai ƙarfinsa, an kuma koya musu yadda mutum zai auna wahalar da yake sha don kada ya wuce gona da iri.

Zaman tattaunawar ba lacca ba ce. Raha ake yi, irin ta maza idan sun saba da juna, wannan ya tsokani wancan, a yi dariya, a koma kan magana. Masu shirin da gangan suka bar wa wannan raha wuri, domin ta cikinta ne namiji ke iya furta abin da ke damunsa ba tare da ya ji ya zubar da girma ba. Wanda ba zai taɓa cewa yana tsoron mutuwa ya bar 'ya'ya ƙanana ba, zai iya faɗin haka a cikin wasa, kuma kowa a ɗakin ya gane ba wasa yake ba.

Kowane mutum ana ba shi 'yar na'urar ƙirga taku ya maƙala a ƙugu. Makon farko ba a ce ya ƙara komai ba, ya dai yi harkarsa yadda ya saba, ya rubuta adadin takunsa. Daga wannan adadi nasa na kansa ake ɗora masa ƙari kaɗan-kaɗan. Wannan 'yar na'ura ta yi aikin da ba a zata ba. Maza na son lissafi da gasa, sai ga mutum yana sauka daga bas kafin tasharsa, ko yana zagaya unguwa da dare don ya cike adadin ranar, saboda ya san ranar haɗuwa abokai za su tambaye shi nawa ya yi. Tafiya a ƙasa, wadda da yake ganin aikin marar abin hawa ce, ta zama abin da ake ƙirgawa kamar ƙwallaye a raga.

Batun abinci

A nan ne na fi jinjina wa masu shirin. Ba su fito da jerin haramtattun abinci ba, ba su kuma ce wa kowa ya koma cin ganye ba. Sun fara ne da girman abin da ake zubawa a faranti. Ana nuna wa mazan yadda rabon abinci daidai yake, a kwatanta da abin da suka saba ci, da yawa kuma a nan suke gane cewa abincin mutum biyu suke tashi da shi a zama ɗaya. Abin da ake nema shi ne kowa ya rage kimanin kalori 600 (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) a rana daga abin da jikinsa ke bukata, ta hanyar da shi ya zaɓa. Wani ya rage soyayyen dankali, wani ya sauya madara mai kitse da marar kitse, wani ya fara karya kumallo don kada yunwar rana ta tura shi ga kayan kwalama. An koya musu karanta rubutun jikin kwalin abinci, da yadda za su yi zaɓi idan sun sayi abincin waje. An yi zama guda kan giya, domin a can tana cikin manyan hanyoyin da ƙiba ke shigowa ba a sani ba.

Kowane mako mutum zai ɗaukar wa kansa ƙaramin alkawari wanda za a iya aunawa, ya rubuta, mako mai zuwa ya dawo ya faɗi yadda ta kaya. Idan ya karya ba a yi masa faɗa. An ma ware lokaci don zancen tuntuɓe: me za ka yi idan biki ya zo, ko ka yi rashin lafiya, ko ka wayi gari ka ga kilo biyu sun dawo.

Akwai wani abu da suke yi a tsakiyar shirin da ya tsaya mini a rai. Ana kawo buhunan yashi daidai nauyin da aka zubar, a ce mutum ya ɗaga. Lamba a kan sikeli ba ta cika shiga zuciya ba. Amma ka rungumi yashi kilo huɗu ko biyar, ka ji yadda yake ja maka kafaɗa, ka tuna cewa da wannan kake kwana kake tashi, da shi gwiwoyinka ke hawa bene shekara da shekaru, wannan ba ya bukatar dogon bayani.

Abin da gwaji ya nuna

Shirye-shirye masu daɗin labari suna da yawa, kaɗan ne ake aunawa da gaske. Wannan an auna shi. A 2011 aka ɗauki maza 747 daga kulob 13, masu shekara 35 zuwa 65, waɗanda ma'aunin ƙibarsu, wato BMI, ya kai 28 ko fiye. Ma'aunin nan ana samunsa ne idan aka raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau kansa; mai tsawon mita 1.75 yana kaiwa 28 idan ya yi kimanin kilo 86. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: 374 suka fara shirin nan take, 373 aka ce su jira shekara guda. Amfanin ƙuri'ar shi ne kada a ce masu himma ne kawai suka taru a ɓangare ɗaya.

Mujallar likitanci ta The Lancet ta wallafa sakamakon a 2014. Bayan wata 12, waɗanda suka yi shirin sun rage kimanin kilo 5 da rabi, masu jira kuwa kusan rabin kilo kawai. Bambancin da aka tabbatar tsakaninsu kilo 4.94 ne. Kusan mutum 4 cikin 10 na masu shirin sun zubar da aƙalla kashi 5 cikin 100 na nauyinsu, wanda shi ne mizanin da likitoci ke cewa daga nan amfani ke fara bayyana a jini da zuciya. A ɓangaren masu jira kusan 1 cikin 10 ne. Ƙugu ya ragu, hawan jini ya sauka, cin kayan maiƙo da na zaƙi ya ja baya, cin 'ya'yan itace da kayan lambu ya ƙaru, mazan kuma sun ba da rahoton ƙarin jin daɗin rai da ganin ƙimar kansu.

A lura da lokacin awon. Zaman mako-mako ya ƙare tun a wata na uku. Bayan nan sai 'yan saƙonnin imel na tunatarwa da haɗuwa guda ɗaya. Ke nan wata tara mazan suka yi suna riƙe da kansu. Duk wanda ya taɓa rage ƙiba ya san zubarwa ba ita ce wahala ba, hana ta dawowa ne. An sake bibiyar su bayan shekara uku da rabi, aka tarar har lokacin suna ƙasa da nauyinsu na farko da kusan kilo 3 a matsakaici, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na riƙe da ragin kashi 5 cikin 100 ɗin nan.

Me ya riƙe su?

Babu wani sabon ilimi a cikin abin da aka koya musu. Rage yawan abinci, ƙara tafiya, rage zaƙi da maiƙo, duk suna rubuce a takardar da ke aljihun maƙwabcina. Abin da ya bambanta shi ne inda aka faɗa, da wanda ya faɗa, da waɗanda ke zaune a gefenka lokacin da ake faɗa. Ƙaunar kulob ce ta kawo su ƙofa. Da suka shigo, zumunci ya zaunar da su. Daga baya sai jikinsu ya karɓi aikin: barci ya gyaru, haki ya ragu, bel ya koma ramin baya, wani a wurin aiki ya ce kai, ka faɗa fa. Daga nan mutum ba ya bukatar a tura shi.

Ina ganin kuskuren da masu wa'azin lafiya ke yawan yi shi ne ɗaukar jin daɗi a matsayin ɗan zaƙin da ake shafa wa magani don yaro ya haɗiye. A wannan shiri jin daɗin shi ne abin da ya ɗauki nauyin komai. Tsoro na iya tayar da mutum daga kujera na mako biyu, amma babba mai iyali da aiki da gajiya ba zai ci gaba da abin da yake ƙi ba har tsawon shekara, komai yawan gargaɗin da aka yi masa. Da abokin daka akan sha gari, kuma waɗannan mazan sun samu abokan daka. A wasu kulob ɗin, bayan shirin ya ƙare, su da kansu suka ci gaba da haɗuwa suna buga ƙwallo ko fita tattaki.

Inda shirin ya gaza kaiwa

Kilo 3 bayan shekara uku da rabi, ga mutum mai kilo 110, ba ta mayar da shi siriri ba. Yawancinsu sun gama shirin suna cikin masu ƙiba, sai dai da sauƙi a kan da. Wani ɓangare na nauyin ya dawo, wasu kuma ba su rage komai ba. Bayanan abinci daga bakin mazan aka ɗauka, kuma ɗan Adam yakan rage wa kansa laifi idan ana tambayarsa me ya ci. Sannan waɗanda suka shiga su suka kawo kansu, wato da ma akwai ɗan ƙoƙari a zuciya. Wanda ba ruwansa da ƙwallo kuwa, wannan ƙofa ba tasa ba ce. Mata ma ba sa cikin gwajin farko, sai daga baya aka buɗe musu nasu.

An gwada irinsa a wasu ƙasashe. Mafi girma shi ne EuroFIT, mai maza 1,113 a kulob 15 na Ingila da Holan da Norwe da Fotugal, ciki har da Arsenal da Manchester City da Benfica da Porto. Sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna ƙarin taku kimanin 680 a rana bayan shekara guda, amma yawan zaman da mazan ke yi bai ragu ba, alhali rage shi na cikin manyan manufofin shirin. A Kanada an yi shi da wasan hoki na ƙanƙara, a Ostireliya da irin ƙwallonsu, a Jamus da kulob-kulob na Bundesliga. Kowace ƙasa ta nemi wasan da mazanta ke mutuwar so.

Idan aka waiwayo gida

Dalilin da ya sa labarin ya shafe mu a fili yake. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gidan kallo a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ranar da Arsenal ke wasa da Manchester United, ko ya ga yadda filin wasa na Sani Abacha ke cika idan Kano Pillars na gida, ya san irin wannan ƙauna ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Muna da wani abin ma da ya fi kulob ƙarfi, wato majalisa: mutum goma ko sha biyar da ke haɗuwa kullum a kan benci ɗaya shekara ashirin, sun san sirrin juna, suna zuwa sunan juna da jana'izar juna. Zumuncin da masu bincike suka sha wahalar ginawa cikin mako 12, mu muna da shi a ƙofar gida. Sai dai a zaune ake yin sa, da shayi mai kauri da tsire da lemon kwalba. Kwalbar lemo mai santilita 50 na ɗauke da sukari kimanin cokalin shayi 13, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga babba bai wuce kimanin cokali 12 ba a yini gaba ɗaya. Hukumar ta kuma ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa sau biyar.

Ba komai ne zai kwafu ba. A Sikotilan mai tumbi yana jin nauyin tumbinsa a idon jama'a, a wurinmu kuwa har yanzu akwai masu ganin teɓa alamar hutu da wadata, idan magidanci ya rame sai a fara tambaya ko lafiya, ko kasuwa ce ta juya. Dattijo mai babbar riga ba zai sa gajeren wando ya zagaya fili yara na kallo ba, sai dai idan sa'o'insa ne a gefensa kuma a wurin da mutuncinsa ke tsare. Zafin rana ya taƙaita lokacin fita zuwa bayan asuba ko bayan la'asar. Na'urar ƙirga taku kam ba matsala ba ce, yawancin wayoyin zamani suna yi.

Babban bambancin yana madafa. Ko a Sikotilan masu binciken sun lura cewa mazan na yawan ambaton matansu da iyayensu mata idan ana zancen sauya abinci, wasu sun taimaka, wasu sun ci gaba da cika faranti don a wurinsu ciyarwa ita ce kulawa. A gidajenmu kuwa yawancin magidanta ba su san yawan man da aka zuba a miya ba, ko dunƙule nawa aka marmasa, ko gishirin da ya shiga. Malmalar tuwo uwargida ce ke yanke girmanta, kuma idan maigida ya rage, tana iya ɗauka girkin ne bai yi ba. Duk shirin da za a yi wa mazanmu a fili ko a majalisa, dole a nemi hanyar da zancen zai isa ga mai riƙe da ludayi, cikin girmamawa, kuma da ita za a zauna a fitar da yadda miyar kuka ko ta zogale ko faten wake zai rage mai da gishiri ba tare da ya rasa daddawarsa da yajinsa ba.